Ruwan da Baba Ya Mayar wa Ba'amurke

Abin da zan faɗa muku ya faru ne 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙin Turawa na biyu ya ƙare, sa'ad da jiragen ruwa suka komo suna sauke alhazai a Jidda kamar da, shinkafa da sukari suka sake fitowa fili a kasuwa, mutanen Makka suka daina raba gurasa ɗaya gida biyu. Ina rubuta shi da ajamin da na iya, a ɗakina na nan unguwar Utaibiyya, a Makka. Wanda bai iya karantawa ba a cikinku ya kai wa wanda ya iya. Dalilina shi ne na sha jin kuna faɗa wa 'ya'yanku cewa kakanku, mahaifina, mutum ne mai taurin kai wanda ya gwammace mutuwa da maganin Nasara. Taurin kai kam Allah Ya ba shi, amma ba a wurin da kuka ajiye shi ba.

Sunansa Malam Idi. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, yana tafe yana tsayawa yana noma a gonakin mutane ta Cadi da Sudan, har Allah Ya kawo shi Makka shi da Innata, Hajara. A unguwar Jarwal muka zauna, cikin bukkokin 'yan uwanmu. Sana'arsa ɗaukar ruwa. A wancan zamani babu famfo a gidaje, sai bazan, wato wurin da ruwan gari yake taruwa a kowace unguwa. Mai ruwa zai cika garwa biyu, ya rataye su a bakin sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya hau benen mutane hawa-hawa har ya juye a randa. Kowane mai ruwa da gidajensa, kuma shehun masu ruwa ne yake rabawa, ba mai taka gidan wani. Baba ya yi suna da abu guda: bai taɓa miƙa hannu ba. Lokacin Hajji, in attajiran alhazai suka shigo unguwa suna rabon sadaka, shi sai ya ɗauki garewaninsa ya bi ta bayan gida. Ko abincin biki aka aiko mana, kwanon ba zai koma ba sai Inna ta zuba wani abu a ciki, ko da gyaɗa ce soyayya.

Ni kuwa na riga na zama saurayi, na sauke Alƙur'ani, kuma kafaɗata ba ta son sanda. Wani abokina ya sama mini aikin kuku a Jidda, a gidan wani Ba'amurke da yake aiki da kamfanin da ke gine-gine a bakin teku. Hawaja Harol muke ce masa, matarsa kuwa Sitti Beti. Shi ya iya Larabci mai gurgunta, ni kuma na tsinci Turancin kicin, da haka muke fahimtar juna, abin da ya rage hannu ya ƙarasa.

A gidan nan na fara jin yadda duniyarsu take juyawa. Hawaja ɗan manomi ne. Ya ce da alfadari ubansa yake huɗa, su kuma 'ya'yan suna biye da shi ba takalmi. Yaƙi ya kwashe su, da suka dawo gwamnati ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, shi ya karanta gini. Kafin ya waiwaya, motar noma ta shiga ƙauyensu, mutum ɗaya yana yin aikin gida guda, samari duk sun watse birane, tsohon ya rage shi da matarsa a gonar. Ita Sitti Beti, lokacin yaƙi walda take yi a wurin ƙera jiragen ruwa, ta nuna mini tabon wuta a hannunta tana alfahari. Da maza suka dawo aka ce mata su koma gida su haihu. Ta ce ta koma, amma hannunta bai manta ba. Duk abin da ya lalace a gidan ita take kwancewa, ba ta jiran miji. Burinsu ɗaya ne, su tara abin da za su kama gida a sababbin unguwannin da ake ta ginawa a bayan biranensu. Ta nuna mini hoton na yayarta. Gidaje a jere iri ɗaya sak, kamar ƙwai a faranti, kowanne da mota a gefe, a ciki da injin wanki, kuma duk ba a biya lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake biya har mutum ya yi furfura. Na taɓa tambayarta ko masu fata irin tawa suna zama a wurin. Ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe, sannan ta ce ba a sayar musu. Hawaja ya ce tare suka sha wuta a yaƙi, kuma abin ba daidai ba ne, ya san ba daidai ba ne. Ban ƙara tambaya ba, su ma ba su ƙara ba.

Duk Juma'ar da na samu hutu nakan hau babbar mota in zo Makka, in kwashe labaran nan in zube a gaban su Baba bayan cin abinci. Inna tana jin daɗinsu. Baba kuwa sai ya gyara zama ya fara.

"To, Sale, in mutum ya dawo da yamma, yaya yake gane gidansa? Ko duk wanda ya tarar da ƙofa a buɗe nasa ne?"

"Akwai lamba, Baba."

"Lamba. Kuma ka ce gidan ba nasa ba ne tukuna, motar ba tasa ba ce, abin wankin ba nasa ba ne. To me ya mallaka, hularsa?"

"Malam, ka bar yaro ya ba mu labari," in ji Inna. "Ni dai injin wankin nan, ko na aro ne ina so."

Bai taɓa hana ni aikin ba. Abin da yake cewa kawai shi ne in kiyaye salla, kuma kada in karɓi abin da ban yi wa gumi ba.

Ana saura wata biyu Hajji, cikin tsananin zafi, wata tsohuwar garwa ta yanke shi a ƙwauri yana saukowa daga bene. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Da na zo Juma'ar farko yana ɗingishi yana dariya. Da na zo ta biyu yana kwance. Wanzami ya zo ya yi abin da ya sani, an sa magani iri-iri, an yi tofi, ƙafar sai ƙara hawa take, ta yi sulɓi tana sheƙi, wari yana fita, jikinsa kamar garwashi. Muka kira wani tamarji, wato ma'aikacin jinya, Bajawe, mutumin tsibirin Jawa, maƙwabcinmu da yake aiki a asibiti. Ya duba, ya fito da ni waje ya ce in jan nan ya wuce gwiwa, sai dai a yanke ƙafar, in ma an tsira da ran. Kun san abin da yanke ƙafa yake nufi ga mai ruwa. Ba ƙafa kaɗai za a yanke ba. Mutumin da ya yi shekaru yana bin bayan gida don gudun sadaka, shi za a riƙa ɗauka a ajiye a ƙofar Harami.

Na koma Jidda. Ranar nan na ƙona burodi, na zuba gishiri a inda ake zuba sukari. Sitti Beti, wadda a lokacin cikinta ya tsufa, ta zauna a kan kujerar kicin ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗa mata abin da ya faru. Da na gama, ta ce akwai wata sabuwar allura, fanisilin, wadda ta tsamo sojojinsu da yawa daga irin wannan ciwo, yanzu ne ta fara wadata a ƙasarsu. Da yamma Hawaja ya je wurin likitan kamfani. Likita ba Musulmi ba ne, ba shi da ikon shiga Makka, Baba kuma ba ya ɗaukuwa zuwa Jidda. Aka shirya cewa zai ba da maganin, ya rubuta wa tamarji yadda za a yi. Matsala ɗaya ce, maganin ba ya son zafi ko kaɗan, sai an riƙe shi cikin ƙanƙara, mu kuwa a Jarwal ko inuwa sai an yi rabo. Sitti Beti ta buɗe firijinta, wanda a nan muke ce wa tallaja, ta kwashe ƙanƙarar duka ta ɗura a babban filas ɗinsu. Hawaja ya ce in ta narke zai kawo wata da kansa, har inda aka yarda ya kai.

Ya sa ni a motarsa muka kama hanya. A wurin da askarawa suke tsayar da wanda ba Musulmi ba ya taka birki, ya miƙo mini filas da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Na tsallaka na hau wata motar.

Na shiga gida da murna, na tarar da dutse. Baba ya saurare ni har na gama, idonsa jawur saboda zazzaɓi, sannan ya juya fuska bango.

"Mayar musu."

"Baba, ƙafarka."

"Na ji. Mayar musu."

Tamarji yana tsaye da allurarsa, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, magani ne, ba giya ba. Malamai ba su hana ba."

Inna ta ajiye mafici. Ba ta cika ɗaga murya a gabansa ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, garewanin nan da ka ci da mu da su tun zuwanmu, wa ya ƙera su? Ba na kananzir ɗin Nasara ba ne? Har da rubutunsu a jiki. Tasu garwar ta yanke ka, ka yarda. Tasu allurar za ta gyara, ka ƙi?"

Sai da ya yi murmushi duk da ciwon.

"Hajara, kin daɗe da ni amma kin tafi wani wuri. Wa ya ce miki haram nake gudu? Garwa saya na yi. Wannan fa? Sale, nawa suka ce?"

"Ba su ce komai ba, Baba. Kyauta ce."

"To ka ji. In Musulmi ya yi mini alheri na kasa rama masa, ina da inda zan kai shi, in tsaya a gaban Ka'aba in roƙa masa har in mutu, mu haɗu a can mu daidaita. Wannan bawan Allah, ƙofar garinmu ma ba ya shiga. Gobe ya hau jirgi ya koma gidansa mai lamba. Ina zan same shi? In tashi ranar hisabi da kayan mutum a wuyana?"

Nan ne taurin kansa yake, 'ya'yana. Ina jin ƙanƙara tana motsi a cikin filas, na san narkewa take. Inna ce ta sake magana.

"In aka yanke ƙafar, kayan mutum nawa za ka ɗauka a wuya? Kullum sai wani ya ɗauke ka, wani ya ba ka. Wannan mutum ɗaya ne. Ka warke ka je ka biya shi da ƙafarka."

Baba ya juyo ya dubi filas ɗin. Daga baya ya ce da ni, "Ka faɗa masa ba kyauta na karɓa ba. Ka faɗa masa da bakinka, ka ji amsarsa." Sannan ya yi bisimilla ya juya wa tamarji cinyarsa.

Kwanakin da suka biyo baya, a hanya na yi su. Inna ta naɗe filas da jiƙaƙƙen buhu ta cusa shi a gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, duk da haka ƙanƙarar ba ta daɗewa. Hawaja yana tashi daga aiki zai ɗauko sabuwa, ya tuƙo cikin ƙura har wurin askarawa, ni kuma in fito daga Makka in tarye shi. Har askarawan suka saba da shi, suna ba shi shayi, suna ce masa mai ƙanƙara. Gidansu kuwa ruwan ɗumi suka riƙa sha a zafin Jidda, mace da tsohon ciki, don duk abin da firijin ya daskarar namu ne. Na isar masa da saƙon Baba. Na zaci zai yi dariya ko ya ji haushi. Sai ya jingina da mota ya ce ubansa ma haka yake, lokacin da fari ya cinye gonarsu aka kawo taimakon gwamnati, tsohon ya kori mai rabon har bakin titi. Ya ce in gaya wa Baba ya ji, kuma yana jira.

Da farko ba mu ga canji ba, har na fara jin tsoro. Sai wata safiya Inna ta taɓa goshinsa ta ji gumi mai sanyi. Jan da ya kusa gwiwa ya fara ja da baya. Tamarji ya matse ciwon ya wanke, ya ɗago ya ce, "Halas, shi ke nan, ƙafa ta zauna." Inna ta fita tsakar gida ta yi sujada a kan ƙasa. Da Baba ya buɗe baki, abin da ya fara nema tuwo ne, ya kuma yi ƙorafin miyar ba yaji. Ban taɓa jin daɗin faɗan mutum kamar na ranar ba.

Ya miƙe ana gab da Hajji, lokacin da mai ruwa yake samun abin da zai ci rabin shekara. Shehun masu ruwa ya aiko cewa ya riƙe masa gidajensa iya riƙewa, in bai fito yanzu ba zai ba wani. Kowa ya ce ya fita, biyan Ba'amurke ya jira bayan Hajji. Amma na riga na faɗa masa cewa aikin Hawaja ya kusa ƙarewa, ana maganar komawarsu. Baba ya aika wa shehu cewa ya ba wanda ya ga dama. Gidajen nan bai sake samun irinsu ba. Daga baya sai na ƙasan layi ya riƙa samu, masu ciniki da jinkirin biya, kuma mun ji a tukunyarmu shekarar nan da wadda ta biyo. Ina faɗa muku don kada ku zaci abin ya zo a banza.

Ya saɓa sandarsa da garewani muka tafi Jidda. A hanya na tambaye shi da me zai biya.

"Ruwa ya kawo mini, daskararre. Ruwa zan mayar masa."

Ban so in karya masa gwiwa ba, amma na san gidan. Da muka isa, Hawaja ya tarye shi a ƙofa, Sitti Beti, wadda ta haihu a kwanakin, ta fito da jaririyarta a kafaɗa. Baba ya gaishe su, ya ɗage zani ya nuna musu tabon, sannan ya ce a nuna masa randa. Na kai shi kicin na murɗa famfo. Ya tsaya yana kallon ruwa yana zuba ba kafaɗar kowa. Na nuna masa tanki a kan rufi, na ce motar kamfani ce take cikawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗi haka ba, ko a cikin ciwon. Ya fito waje a hankali, garewani suna kaɗawa ba komai a ciki.

A bakin ƙofa ya tsaya. Akwai wani ɗan fili da aka kewaye da duwatsu, da wasu tsirarun ciyayi da suka ƙone suka yi ja.

"Wannan fa, me aka shuka?"

Na tambayi Sitti Beti, ta yi dariyar kunya. Ta ce ciyawa ce, yayarta ta aiko mata da iri. A sababbin unguwanninsu kowane gida sai da koren fili a gabansa, ta so 'yarta ta fara rarrafe a kan irinsa. Amma kamfani ya hana a zuba ruwan tanki a ƙasa, ta shuka ta sake shukawa, rana tana cinyewa.

"Ciyawa," in ji Baba. "Suna da akuya?"

"Babu, Baba. Don kallo ce."

"Ikon Allah. Mu muna nome ta, su suna shuka ta." Ya durƙusa ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ɗanɗana a harshe. "Gishiri. Ka ce mata ta ba ni sauran irin."

Manomin da ya bari a ƙasar Kano ne ya tashi. Ya kwashe ƙasar wurin ya zubar, ya samo wata daga bayan gari da takin awaki, ya rage filin ya koma kamar shimfiɗar tabarma biyu, ya kafa masa rumfar kaba ta tare ranar tsaka. Ya hana ni zubar da ruwan ɗauraya da na wankin shinkafa, duk a garwarsa suke ƙarewa. Abin da bai isa ba, ya gano wata rijiya mai ruwan daɗi can nesa, wajen masu lambu, yana zuwa da sassafe da kuma la'asar, sanda a kafaɗa, a kan ƙafar nan. A ɗakina yake kwana, abincin da ya zo da shi yake ci. In Sitti Beti ta aiko masa da wani abu, sai ya ce in mayar in yi godiya. Alhazai suka hau Arfa suka sauko, shi yana Jidda yana ba ciyawa ruwa, masu wucewa daga mutanenmu suna yi masa ba'a, yana amsa musu da cewa su gai da gida.

Ta tsiro. Da farko kamar gashin jariri, daga baya ta yi kauri ta rufe ƙasa, kore shar a tsakiyar farin yashin nan, har matan sauran Amurkawa suna zuwa kallo. Wata la'asar Sitti Beti ta cire takalmi ta taka, ta kwantar da 'yar a kai. Yarinya ta damƙi ciyawa da hannu tana ƙoƙarin kaiwa baki. Uwar tana dariya, hawaye yana zuba. Baba ya sauke sandarsa ya ce in kira maigidan.

"Tambaye shi, na biya ko da saura?"

Sitti Beti ta fara cewa ai tun farko ba a bin sa komai, Hawaja ya ɗaga mata hannu. Ya zagaya filin a hankali, ya durƙusa ya shafa ciyawar kamar mai duba kaya a kasuwa, sannan ya miƙe ya ba Baba hannu. Da Larabcinsa mai gurgunta ya ce an biya, babu saura.

"Sale, ka ji da kunnenka?"

"Na ji, Baba."

"Ka shaida."

Ya yi hamdala, ya sauke wani dogon numfashi, na ga kafaɗunsa sun sauko. Ya shiga ɗakina ya ɗaure 'yan kayansa. Da ya fito, Hawaja ya riga ya tayar da mota ya buɗe masa ƙofa, ya ce zai kai shi har wurin askarawa. Baba ya dubi motar, ya dubi mutumin, ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana.

"Ka ce masa ya rufa mini asiri. Yanzun nan muka rufe bashi, kada ya buɗe mini wani."

Ya saɓa sandarsa, ya ɗaga musu hannu, ya nufi tashar motocin Makka. Muka tsaya mu uku a bakin ƙofa muna kallon bayansa har ya sha kwana. Ko ɗingishi babu.